Ƙoton da Ke Nutsewa a Eleyele, da Abin da Ke Biyo Bayansa

'Yan uwana mazauna Sabo da Ojoo da Bodija da sauran unguwannin da namu suke a nan Ibadan, da ma masu leƙowa daga Shagamu da Abekuta da Agege. Yau ba maganar kasuwa zan yi ba, maganar fatsa ce. Na san wani zai ce ɗan mai goro ina ruwansa da ƙugiya, to ai duk ranar da kasuwa ta yi sanyi samarinmu da yawa bakin ruwan Eleyele suke nufa, kowa da sandarsa da ɗan gwangwaninsa na kwaɓi, kuma ni ma ina cikinsu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin maganganun da nake ji idan an tashi dawowa hannu rabbana. Wannan ya ce yau babu sa'a, wancan ya ce ruwan yana da iskoki, wani ma har ya ce masuntan wurin ne suka ɗaure kifin da asiri don kada baƙo ya kama. Ni dai a ganina, mafi yawan lokuta ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙoton ne kawai ya nutse ya shige cikin taɓo, mai fatsa kuwa yana zaune a gaɓa yana gadin ƙugiyar da kifi bai ma san tana nan ba.

Sai mun fara sanin irin ruwan da muke jefa ƙugiya a ciki. Eleyele ba gulbi ba ne mai gudu da farin yashi a ƙasa irin wanda iyayenmu suka sani a gida. Madatsa ce da aka yi a kan kogin Ona tun 1942 domin ruwan shan gari, wato ta haura shekara 80 tana tara laka da ruɓaɓɓen ganye da duk abin da kwatocin unguwanni suka kwaso. Wanda ya ga ambaliyar 26 ga Agusta 2011 ya san irin kayan da ruwan garin nan ke iya ɗauka. Ƙasan irin wannan ruwa taɓo ne mai laushi, ga ciyawa a gefe-gefe. Ƙari a kan haka, a ruwan da ke tsaye wuri ɗaya cikin zafi, iskar da kifi ke shaƙa takan yi ƙaranci a can ƙasa, saboda ruɓar da ganye ke yi tana cinye ta. Shi ya sa da asuba za ka ga karfasa, wadda Yarbawa ke kira epiya, tana tasowa sama tana buɗe baki. To wanda ya kai ƙotonsa can ƙasa ya kai shi inda kifin ke gudu ne. Abin da ake so shi ne curin kwaɓin ya tsaya a saman ruwa, ko kuma ya ɗago daga ƙasa kamar kamu biyu ya tsaya a tsakiya inda ido da hancin kifi za su same shi.

Me ke sa abu ya taso ko ya nutse? Wannan ma mun yi shi a darasin kimiyya na sakandare, sai dai a lokacin don jarrabawa muke haddacewa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Duk abin da ya fi ruwan da ya kai girmansa nauyi zai nutse, wanda bai kai ba zai taso. Ka cika gwangwanin madara da kwaɓin fulawa, ka cika wani da ruwa, ka ɗaga su ka ji: kwaɓin ya fi nauyi. Tebar garin rogo ma haka, ta ma fi saurin tafiya ƙasa. Saboda haka babu wani kwaɓi da ke yawo a kan ruwa da ƙarfin kansa. Iskar da ke ɓoye cikin 'yan ramukansa ita ke ɗauke da shi, kuma ranar da iskar nan ta fita, ko ruwa ya shiga ya maye gurbinta, zance ya ƙare. Ku duba ɗan wake a tukunya. Idan aka jefa shi yakan tafi ƙasa, in ya ɗau zafi ya kumbura sai ya taso, in kuma aka tsame shi aka zuba a ruwan sanyi ya huce sai ka ga ya sake kwantawa. Duk ilimin ƙoto mai tasowa yana cikin tukunyar nan.

Babban abin da ke kashe wa samarinmu ƙoto hannunsu ne. Mutum zai sayi burodi mai laushi, ya ɓare cikinsa, ya murza shi tsakanin yatsu har ya koma kamar danƙo, sannan ya danna shi a ƙugiya da ƙarfi don kada ya faɗi. Ya kori iskar da kansa ke nan. Burodin da zai iya yin minti goma ko fiye a saman ruwa ya zama dutse. Wanda ya san abin da yake yi ɓawon burodin yake nema, kuma na jiya ya fi na yau. A yanka shi da reza ko wuƙa mai kaifi, girman kan babban yatsa, da ɗan farin cikin a jikinsa. A soka ƙugiya ta wajen farin ta ɓullo ta ɓawon, sannan a juyo bakinta a ɗan maƙale. Ɓawon shi ne ke riƙe ƙarfe, farin shi ne ke riƙe iska. Ba a matsa shi ko kaɗan.

Ɗanyen kwaɓin yis kuwa yana da yaudara. Idan ya tashi sosai, ka gutsura ka jefa a kofin ruwa, zai taso ka ji daɗi. Amma kafin ka naɗa shi a ƙugiya ka riga ka sace rabin iskar, sauran rabin kuma ruwan ɗumi zai narkar da bangon da ke tsare da ita. Ga rana. Gwangwanin da aka bari a buɗe a bakin ruwa tun safe, kafin azahar kwaɓin ya wuce tashi, ya yi tsami ya zube. Abin da na ga ya fi shi ne a dafa kwaɓin tun daga gida domin ramukan iskar su daskare a yadda suke. Ana iya turara shi kamar alkubus. Amma ni na fi son a soya shi kamar fanke, ƙanana-ƙanana girman gujiya, a zuba ɗan garin ƙuli-ƙuli cikin kwaɓin saboda ƙanshi. Dalilina shi ne fatar fanke ta sha mai, ruwa kuwa ba ya saurin ratsa mai, don haka cikin yakan daɗe a bushe. Kada dai a cika ƙuli-ƙulin, nauyi gare shi, kuma yana hana kwaɓi tashi. A bar su su huce su kwana a cikin kwano mai murfi. Duk wanda yake da ƙanwa ko yaya mai suyar fanke a bakin layi, ya roƙe ta ta ɗiga masa 'yan ƙwayoyi a ƙarshen suya, ya biya ta kuɗin manta.

Wasu suna ganin tun da mai yana tasowa a kan ruwa, to a yi ta zuba shi cikin kwaɓi. Gaskiya ne lita ɗaya ta man gyaɗa ba ta wuce giram 920 ba, amma wannan ɗan bambanci ba zai ɗaga fulawa da ƙarfe ba. Amfanin mai a jikin ƙoto ne, ya zama riga. In ya yi yawa a ciki, kwaɓin sulɓewa zai yi daga ƙugiya tun yana cikin iska. Gugguru ma haka, wanda abin mamaki su ma mutanen nan kusan sunan da suke kiransa ke nan. Yana tasowa da kyau, sai dai da ya jiƙa ya yamutse. Wurinsa shi ne a watsa 'yan ƙwayoyi a saman ruwa don kifi ya saba da ɗagowa.

Idan kuwa dole sai ɗanyen kwaɓi mai laushi kake so, saboda karfasa tana son abin da za ta riƙa tsattsaga, to a ba shi abin da zai hau. A nan ne muke saɓani da abokaina. Su suna yanko soson tsohon silifa, ko farin abin nan mai kama da kumfa da ake tallafe rediyo da talabijin da shi a kwali, su soke a ƙugiya su lulluɓe da kwaɓi. Yana aiki, ban musa ba. Amma duk guntun da ya kuɓuce ya zauna a ruwan ke nan shekara da shekaru, ko ya ƙare a cikin kifin da wani zai ci. Alhali ga totuwa. Busasshen karan masara ko na dawa, a fere bayan a ciro farin cikin, a yanka ƙanana, a shafa musu ɗan mai. Inda babu kara akwai tukurwa, wadda a ƙasar nan ba a rasa ta. Totuwa kyauta ce, tana da sauƙin sokewa, in ta ɓace kuma ruɓewa za ta yi. A naɗa kwaɓin a kanta siriri, a cuɗa 'yan zaruruwan auduga a ciki don ya kama jikinsa. In kwaɓin ya yi kauri zai rinjayi totuwar su tafi ƙasa tare.

Sai ƙugiyar kanta, wadda kusan kowa ke mantawa da ita a lissafi. Ƙarfe ya ninka ruwa nauyi kusan sau 8. Samarinmu suna son babbar ƙugiya, wai don in babban kifi ya zo kada ya tsere, sai su rataya wa ɗan curin da bai kai goro ɗaya ba ƙarfen da zai riƙe giwan ruwa. A lambar ƙugiya, yadda lamba ke hawa haka ƙugiyar ke ƙanƙancewa, don haka mai neman karfasa da fanke ko ɓawon burodi ya nemi lamba 10 ko 12 mai siririn jiki. Bakin karfasa ma ƙarami ne. Zaren da ke kusa da ƙugiya shi ma ya zama siririn nailan, ba mai kaurin da ake ɗaure buhu da shi ba.

Ɗaurin da ya fi dacewa da ƙasan taɓo kuwa shi ne a sa nauyin a sama da ƙugiya da kamar santimita 40 zuwa 60, a bar zaren yana zamewa ta cikinsa, a yi ɗan ƙulli da tsinke a ƙasa don ya tsaya. Nauyin ya kwanta a laka, ƙoton ya ɗago sama da ciyawa yana lilo. In ciyawar wurin doguwa ce a ƙara tsawon. Bari in ɗan kauce kaɗan a nan: masu fasa tsohon batirin mota suna narka dalma a gwangwanin tumatir a tsakar gida, yara na kewaye da su, don Allah su daina. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Tsohon noti daga wurin makanike yana yin aikin, har ramin zare ya zo da shi.

Kafin ka jefa, gwada. Yanke gorar ruwa, ɗebo ruwan wurin, saka ƙoton tare da ƙugiyarsa da ɗan zarensa, ba shi kaɗai ba, ka ba shi minti goma kana shirya sauran kaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In ya taso ya tsaya, ka san abin da ke faruwa a inda idonka ba ya kaiwa. Jifan ma a yi shi a hankali, a lilo shi a sake, ba a fyaɗa shi kamar mai korar akuya ba, domin dukan da yake yi a fuskar ruwa yana fasa shi. Kuma kada ka wuce minti 15 zuwa 20 ba ka jawo ka duba ba. Babu ƙoton fulawar da zai wuni a ruwan Ibadan yana tasowa.

Yanzu bari in zo kan 'yar kwalbar nan da ta fara shiga ran wasu. Tun da aka fara kallon bidiyon masu fatsa na Amurka a waya, wasu sun ƙwallafa rai a kan wani kwaɓi mai launin kore ko ruwan ɗorawa da ake kira PowerBait, na kamfanin Berkley da ke jihar Iowa, wanda ya fito kasuwa a ƙarshen shekarun 1980. Kwalbar giram 50 ce, da dala ake sayo ta. Abin yana tasowa, ba ƙarya. Amma a tambayi kifin da aka yi shi dominsa. Kifin ruwan sanyi ne da suke kira tirawut, wanda ake ƙyanƙyashewa a gidajen kiwo, a raine shi da abincin ƙwaya, sannan a zuba shi a tafkuna don masu fatsa. Kifi ne da ruwa in ya wuce digiri 20 yake fara shiga wahala, ruwanmu kuwa ya fi haka ɗumi nesa ba kusa ba. Ƙanshin da aka haɗa masa na bakin wancan kifin ne, taurin kwaɓin kuma an auna shi da sanyin wancan ruwan. Su kansu masu amfani da shi a can dokokin da suke bi su ne waɗanda na faɗa: ƙaramar ƙugiya, siririn zare, kada a matse, a gwada a gefen ruwa. Wato ko ka sayi kwalbar ba ka tsira daga koyon aikin ba. In ma abin kamfani kake so, ga abincin tarwaɗa mai tasowa da ake sayarwa a shagunan kayan kiwo ko'ina a garin nan. Injin da ke yin sa yana dafa garin ne cikin zafi da matsi, da ya fito sai ya kumbura ya cika da ramukan iska. Nemi mai girman milimita 6 ko 9, ka ɗaura ƙwaya ɗaya a bayan ƙugiya da siririyar roba. Kada ka daka shi ka kwaɓa, in ka daka ka rushe ramukan, ya koma gari kamar kowane gari.

Dattawanmu da suka taso a bakin gulbi za su ce duk wannan wahalar banza ce, tana ta fi komai. Suna da gaskiyarsu. In tarwaɗa kake nema da daddare, a wurin da ƙasa ke da tauri, tana ko hanjin kaza a ƙasa sun fi fanke, domin ita da gashin bakinta take lalube. In kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Ban isa in yi jayayya da wanda ya gaji su ba. Amma samarin da nake magana da su da rana suke zuwa, daga gaɓa suke jifa, ba su da kwalekwale, abin da ke gabansu kuma karfasa ce a kan taɓo da ciyawa. A wannan hali tanar ma shigewa laka take yi.

Abin da ya sa na tsawaita a kan ɗan curin fulawa shi ne na san inda rashin kamu ke kai mutum. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku ya dawo babu ko ɗan tsamurmuri, sai wani ya raɗa masa cewa akwai hanya mai sauƙi. Kowa a ƙasar Yarbawa ya san gamalin, maganin ƙwarin da manoman koko suka daɗe suna fesawa, kuma kowa ya san akwai masu tsiyaya shi ko makamancinsa a ruwa su kwashi kifin da ya taso ciki a sama. Na taɓa jin wannan shawara daga bakin yaron da bai kai ni shekaru ba, yana faɗa yana dariya. Sinadarin da ke cikin gamalin, lindan, an sa shi cikin jerin gubobin da duniya ta amince a daina a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm tun 2009, saboda ba ya saurin narkewa, taruwa yake yi a kitsen kifi da na wanda ya ci kifin. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana kamu da guba da nakiya da lantarki. Guba ba ta zaɓe, uwa da 'ya'ya da ƙwai duk take kashewa, a ruwan da aka tare don mutane su sha, wanda kuma wasu iyalai da kwalekwalensu da ragarsu a kansa suke ci.

Mu kuma nan ba mu da gatan da za a ce wane ne ya yi. Cewa za a yi Hausawa sun zuba guba a ruwa. Kakanninmu sun zauna a Sabo tun 1916, sun yi cinikin goro da shanu da mutanen garin nan bisa amana, amma wake ɗaya ke ɓata gari, kuma wanda ya ga kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ya san yadda rigimar mutum biyu ke cinye rumfunan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Saboda haka in ka ji wani namu yana wannan zance, kada ka yi dariya tare da shi. Ka zaunar da shi ka nuna masa yadda ake yanka ɓawon burodi, in ya ƙi ji a kai maganar gaban manya a unguwa.

Masuntan wurin kuwa da ake cewa sun ɗaure ruwa, ku gwada yi musu sallama da harshensu ku tambaye su inda suka shimfiɗa raga kafin ku jefa ƙugiya. Gorunan roba da kuke gani a jere a kan ruwa alamar raga ce a ƙasa, ƙugiya kuma in ta kama ta yaga ta take yi, ɗinkin kuwa aikin yini ne. Ni nakan tafi da 'yan goro biyu uku daga rumfar Baba a aljihu. Wani dattijo cikinsu ne ya nuna mini cewa da hantsi karfasa gefen ciyawa take bi ta ɓangaren inuwa, kuma in iska ta kaɗo ƙoton saman ruwa ya nufo gaɓa, gara a sauya wuri a koma inda iskar za ta riƙa bugun bayan mutum.